ƘOFAR DA A KE BI IDAN NA'URA TA SUMA

Jawabin da wani ɗalibin injiniyan lantarki ya gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Anka, Gummi da Bukkuyum



Da aka nemi in yi magana a kan abin da na ke karantawa, sai gabana ya faɗi, domin na san wanda ya zo da lissafi bayan an ci abincin rana ba ya samun masu saurare. Saboda haka ba daga aji zan fara ba, daga rumfar gyaran waya zan fara.

Dukanmu muna tune da watan Satumba na 2021, sa'ad da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jiha, don yaƙi da 'yan bindiga. Ban zo yanke hukunci a kan wannan mataki ba. Abin da na sani shi ne an yi makonni babu kira, babu saƙo, babu intanet, har mai uzuri ya kan yi tattaki zuwa wata jiha don ya gaya wa ɗan'uwansa an yi haihuwa ko an yi rasuwa. A lokacin na gama sakandare, ina taya wani yayana aiki a rumfarsa a Anka. Ran nan sai ga wani ɗan kasuwa daga wajen Bagega da waya a hannu. In an kunna ta sai ta nuna sunan kamfani, ta tsaya cik, ta mutu, ta sake nuna sunan. Ba kira ya dame shi ba, tun da babu layi. Sunayen waɗanda ya ke bi bashi da hotunan takardunsa duk suna cikinta.

Yayana ya kashe wayar, ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa inda ya daɗe yana tara manhajojin wayoyi iri iri, ya zaɓi ɓangaren da zai sake rubutawa, ya ƙyale ɓangaren da ajiyar mutumin ta ke, sa'an nan ya soka kebul. Kafin shayi ya huce waya ta tashi. Wannan shi ne abin da masu gyara su ke kira fulashin. Na tambaye shi, yaya matacciyar waya ta yi magana da kwamfuta? Ya ce mini, "Ba mutuwa ta yi ba, suma ta yi. Akwai wani a ciki wanda ba ya barci." Wannan wanda ba ya barci shi ne maudu'ina na yau.

Waya ɗaya ce kawai daga cikin na'urorin da a ke dasa wa ƙaramar kwamfuta a ciki don aiki ɗaya tak. Na'urar POS ta mai cire kuɗi a bakin tasha tana cikinsu, haka dikoda ta gidan kallo, da mitar wuta, da BVAS da aka tantance masu zaɓe da ita a 2023. Haka kuma na'urorin da aka yi ta auna jinin yara da ƙasar tsakar gida da su a Dareta, Abare da 'Yargalma bayan annobar gubar dalma ta 2010. Kowacensu, in aka ba ta wuta, ba ta san komai ba. Abu na farko da ya ke motsawa shi ne wani ɗan gajeren rubutu da aka ƙona a cikin ƙwaƙwalwarta tun a masana'anta, wanda ba ya goguwa. Shi zai taso da na gaba da shi, wanda zai shirya ma'ajiyar aiki, shi kuma ya ɗauko babbar manhaja daga rumbu, Android ce ko Linux, ya miƙa mata ragama. Waɗannan masu tashin asuba su a ke kira butloda, ni kuwa zan kira su mai tayarwa. Wanda ya fi shahara a cikinsu, wanda kowa ya ke iya karanta rubutunsa kyauta, shi ne U-Boot, wanda wani Bajamushe mai suna Wolfgang Denk ya jagoranta, ya kuma sami wannan suna a 2002.

To, in babbar manhaja ta lalace, ina mafita? Intanet ba za ta taimaka ba ko da akwai ta, domin ita babbar manhajar ce ta san hanyar intanet. Sai dai a ce mai tayarwa da kansa ya iya karɓar baƙo. Ƙofar da ya ke da ita kuwa ita ce ramin nan da mu ke soka caja, watau USB.

Tsarin USB ya fito a 1996, aka kuma ƙara masa sauri a 2000. Ƙa'idarsa ƙa'idar zaure ce: akwai maigida, akwai baƙo, kuma ba a haɗa su. Kebul na asali yana da wayoyi 4 a ciki, biyu na wuta mai ƙarfin bolt 5, biyu na magana. In an soka baƙo, abin da zai fara yi shi ne ya ɗaga ɗaya daga cikin wayoyin maganar ta hanyar wata 'yar rezista mai om 1,500. Wannan ita ce sallamarsa. Daga nan ba zai ƙara cewa uffan ba sai an tambaye shi. Maigida zai ce, wane ne? Baƙo ya miƙa takardar shaida mai tsawon bayit 18, wadda ta ƙunshi lambar kamfanin da ya ƙera shi da lambar irinsa. Maigida ya ba shi adireshi tsakanin 1 da 127, ya tambayi sana'arsa, sa'an nan ya nemo tafintan da ya dace, wanda masu gyara su ke kira direba. Kafin a gama wannan gaisuwa, baƙo ba shi da izinin jan wutar da ta wuce miliam 100. Ladabi ke nan, baƙo ba ya buɗe tukunya kafin a ce masa bisimilla.

Yawancin wayoyin da ke aljihunmu, Tecno, Infinix da Itel na kamfanin Transsion, suna ɗauke da ƙwaƙwalwar MediaTek ta ƙasar Taiwan ko ta Unisoc ta ƙasar Sin. Ta MediaTek in ta yi sallama tana nuna lamba 0E8D. In an soka kebul waya tana kashe, mai tayarwa ya kan saurara na ɗan taƙaitaccen lokaci. Kwamfuta za ta aiko da lambobi huɗu ɗaya bayan ɗaya, A0, 0A, 50, 05, ita kuma waya ta mayar da kishiyar kowace. In amsa ta yi daidai, ƙofa ta buɗe. In lokacin ya wuce ba a ce komai ba, sai ta kama cajinta. Shi ya sa za ku ga mai gyara yana danna farawa a manhajar SP Flash Tool tukuna, sa'an nan ya soka kebul. Yayana ya shekara da shekaru yana bin wannan tsari bai san dalilinsa ba, ni kuma na san dalilin yanzu amma har gobe ya fi ni saurin hannu.

Duk wannan ba ya faruwa da kansa. Wani ne ya zauna ya shirya shi, kuma a nan na sha wuyata. A aikina na wannan shekara ina haɗa ɗan allo da zai lura da famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, irin waɗanda aka giggina a ƙauyukanmu. Na so a ce in manhajarsa ta lalace, ma'aikacin ƙaramar hukuma zai iya gyara ta da kebul ba tare da ya kwance akwati ya kawo Gusau ba. U-Boot ya iya wannan, amma sai an gaya masa tun lokacin harhaɗa shi. Sai an kunna sashen da ke sa shi zama baƙo, mai suna CONFIG_USB_GADGET, a zaɓi direban da ya dace da ƙofar USB ta wannan allo, a rubuta masa lambobin shaidarsa. Sai kuma a zaɓa masa sana'a. Zai iya zama mai karɓar sabuwar manhaja ta hanyar DFU ko fastboot, ko kuwa ya bayyana wa kwamfuta kamar filashin ajiya, a rubuta a rumbunsa kai tsaye. Akwai kuma agogo. Magana mai matsakaicin sauri galibi tana bukatar bugu miliyan 48 a daƙiƙa, kuma in kuskuren ya wuce rubu'in kashi ɗaya cikin ɗari, an saɓa ƙa'ida, maigida yana iya jin surutu kawai.

Na yi duk wannan, na soka kebul, shiru. Na canza kebul, shiru. Na zargi kwamfuta, na zargi allo, har na fara zargin wanda ya sayar mini da shi. Mako uku ina wannan hali. Ashe akwai wata takarda da ke bayyana wa mai tayarwa sassan allo, a cikinta akwai layi ɗaya mai suna dr_mode, wanda ke faɗin matsayin ƙofa. Wanda na kwafo takardar daga wurinsa ya rubuta host, watau maigida, alhali kuwa peripheral ya kamata, watau baƙo. Kwamfutata maigida, allona maigida, kowa ya hakimce a zaure yana jiran a yi masa sallama. Kalma ɗaya na canza. Ban gaya wa malamina tsawon lokacin da ta ci mini ba sai yau, ga shi kuwa yana zaune yana ji.

Bari in ƙara da abin da littafi ba ya faɗa. Da yawa daga kebul masu araha na kasuwa wayoyi biyu kaɗai ke cikinsu, na wuta, ba su da na magana. Ƙurar hunturu tana toshe ramin. Kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, batirin kwamfuta kuwa ya mutu tuntuni, to mai tayarwa na biyu ma yana iya lalacewa, sai a koma ga na farko, wanda aka ƙona. Injiniyan da zai yi wa ƙasarmu aiki dole ya ɗauka cewa wuta za ta ɗauke.

Amma fa, jama'a, ƙofar da mai gyara ya ke bi ita ɓarawo ya ke bi. Kowa ya san ana kai wayar sata a yi mata fulashin don a goge makullin mai ita. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A 2018 aka gano tsaga a rubutun USB na mai tayarwar na'urar wasa ta Nintendo Switch. A watan Satumba na 2019 aka bayyana wata mai suna checkm8 a wayoyin Apple, tun daga iPhone 4S har zuwa iPhone X. Da ya ke a rubutun da aka ƙona tsagar ta ke, babu sabuntawar da za ta ɗinke ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bango kuwa ba ya yaɓuwa.

Saboda wannan tsoro, kamfanoni da yawa sun koma kulle ƙofar, ba mai shiga sai wanda ke da izini daga gare su, wani lokaci ma sai an nemi izinin ta intanet a daidai lokacin gyaran. Na fahimci dalilinsu, amma ban yarda da shi duka ba. Ku auna shi da Satumban 2021. Da wayar mutumin Bagega irin wannan ce, da sai ya jira a buɗe layi, ko ya bi hanyar da kowa ya san haɗarinta zuwa Sakkwato ko kasuwar Farm Centre ta Kano. Alhali kuwa akwai hanya ta tsakiya, kuma U-Boot kansa ya iya ta. Kamfani ya sa hatiminsa na lissafi a kan manhaja, mai tayarwa ya duba hatimin kafin ya yarda ya tashe ta, ajiyar mai na'ura kuma ta kasance a rufe da nasa mabuɗin. A binciki kaya, kada a kori ɗan dako. In hatimi na gaskiya ne, mene ne laifi in yaron rumfa a Gummi ne ya kawo shi a kan kebul?

Yayyenmu ma'aikata, a nan maganar ta zo kanku, domin ku ne ku ke rubuta takardun sayen kaya a asibiti, a ma'aikatar ruwa, a sakatariyar ƙaramar hukuma. An saba tambayar farashi da garanti. Ina roƙonku ku ƙara tambayar ɗan kwangila, in manhajar wannan na'ura ta lalace a Bukkuyum ranar da babu layi, wa zai tashe ta, kuma da me? Ku nemi a ba ku manhajar a hannu, a filashi, tare da takardar da ta bayyana maɓallin da a ke dannawa da irin kebul da a ke bukata, a kuma gwada a gabanku kafin ku sa hannu. In ya ce sai an mayar da ita Legas ko ƙasar waje, to ku rubuta kuɗin wannan tafiya a cikin farashin, ku ga ko har yanzu ita ce mai araha.

Shugaban taro yana duban agogo, saboda haka zan tsaya. Allon nawa yana kan teburin can na baya tare da kwamfuta da kebul biyu, ɗaya mai wayoyi huɗu, ɗaya mai biyu, kuma ban sa musu alama ba. Bayan an tashi zan goge manhajarsa da gangan, wanda ya ke so ya zo ya zaɓi kebul ya tashe shi da hannunsa.