Baƙon da ke zuwa gonakinmu da kaka

Duk wanda ya zaga gonakin auduga na Daudawa a watan Oktoba, idan ya lura da furannin ciyawa na bakin kunya, zai iya ganin wani malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro, da ɗigon fari a baƙin ƙarshen fiffikensa. Yakan sauka a ƙasa mai ɗumi, ya buɗe fiffike ya rufe, kamar almajiri da allonsa.

Masana na kiransa Vanessa cardui. Ɗan'uwansa, Vanessa atalanta, baƙi mai jan zane, Turai da Arewacin Afirka da Amurka yake zaune, kuma ruɓaɓɓen 'ya'yan itace ne abin marmarinsa. A Afirka, shi bai cika wuce Maroko da maƙwabtanta ba.

Namu kuwa matafiyin nesa ne. Da sanyi ya doso Turai, sai ya tsallaka Bahar Rum da hamadar Sahara, ya iske ciyawarmu tana kore bayan damina, ya yi ƙwai. Zuriyarsa ce ke komawa arewa. A Oktoban 2013 har an tsinci wasunsu a gaɓar Guiana ta Faransa, kuma binciken da aka wallafa a 2024 ya nuna sun keta Tekun Atilantika daga Afirka ta Yamma, fiye da kilomita 4,000.

Abin da ke damuna shi ne feshin da muke yi har kan ciyawar bakin gona, daga Faskari zuwa Sabuwa da Ƙanƙara. Manoma 'yan'uwana, a kan wannan ciyawar ce tsutsar baƙon namu take kiwo.