Sabunta Tsarin Shafukan Intanet Ba Tare da Barin Manomi a Baya Ba



Maganata a yau kan yadda ake jera kaya a fuskar shafi ce, da abin da ke biyo baya idan aka ɗauko tsohuwar rigar shafi, irin ta WordPress, aka ce za a sabunta ta.

Mun yi shekara da shekaru muna raba shafi gida-gida da float. Ba don wannan aka ƙirƙire shi ba, an yi shi ne don rubutu ya zagaye hoto, mu muka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. A kansa Bootstrap 3 na 2013 ya tsaya, kuma duk wanda ya taɓa aiki da shi ya san takaicin: ka jera akwati uku, ɗaya ya ɗan fi tsawo, sai na huɗu ya maƙale a gefensa ya ƙi sauka. A Maris 2017 Chrome da Firefox da Safari suka karɓi Grid, Bootstrap 4 ya koma Flexbox a Janairun 2018, WordPress 5.9 kuma ya zo da riguna masu tubali a Janairun 2022. Sauƙi ya samu, ba na musu.

To amma wa zai buɗe shafin? Mu ɗauka wata ƙungiyar masu amfani da ruwa a yankin Kura ko Bunkure ta ba ka aikin. Manomin da ke shayar da shinkafa da alkama da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, tambayarsa biyu ce: yaushe za a sako ruwa, kuma nawa kwandon tumatir yake a kasuwar Kwanar Gafan. A bakin gona yake, rana na dukan gilashin wayar, data ta kusa ƙarewa. Idan Opera Mini yake buɗewa a matakin tsimin data mafi tsanani, kwamfutocin kamfanin ne ke tauna shafin su aiko masa da shi a matse, kuma ba su san Grid ba. Ƙananan wayoyi masu KaiOS 2.5 kuma tsohon injin Firefox 48 ne a cikinsu.

A nan tarkon yake. Grid na ba ka damar ɗauko abin da ke can ƙasan HTML ka kafa shi a saman allo. A kwamfutarka ta ofis jadawalin ruwa na sama, kowa ya yaba. A wayar da ba ta jin Grid kuwa komai zai zubo ne yadda aka rubuta shi, kamar yadda ruwan Tiga ke bin gangara ba tare da famfo ba: jawabin shugaba, hotunan taro, tarihin ƙungiya, sannan jadawalin, in mutum ya yi haƙurin kaiwa can. Don haka kafin a taɓa CSS, a gyara jerin HTML tukuna. Abin da manomi ya zo nema ya zama na farko, a layi ɗaya tal daga sama zuwa ƙasa. Bayan nan sai a sa Grid a cikin umarnin @supports, wayar da ta iya ta ɗauka, wadda ba ta iya ba ta wuce abinta.

Teburin farashi ma yana son kulawa. Mai gida shida ba zai shiga ƙaramin allo ba; a bar amfanin gona da ma'auni da kuɗi, sauran su koma wani shafi.

Abu biyu na harshenmu, a taƙaice. A gwada salon haruffan rigar da ɓ da ɗ da ƙ, domin wasu ba su da su, sai ka ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma. Sannan tunda akwai manoman da ajami ya fi musu sauƙi, a daina rubuta tazara da hagu da dama, a koma ga margin-inline-start da 'yan'uwansa, waɗanda ke juyawa da kansu idan rubutu ya taso daga dama. Bootstrap 5 na 2021 ya tanadi wannan juyin.

Kafin ka miƙa aiki, ranka ya daɗe, ari ƙaramar waya, ka kunna tsimin data, ka ƙirga sau nawa yatsa zai ja allo kafin jadawalin ruwa ya bayyana. In ya wuce sau ɗaya, a koma kan HTML.