Ɗan Tunku: Mutumin Da Ya Ƙi Yi Wa Sarkin Kano Mubaya'a

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau Kazaure za mu. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Daura ya san wajen: kana wuce Dambatta, ba jimawa sai ka fara hango duwatsu. Ni dai ina yaro in muka zo nan a mota, abin da ke raina kawai a tsaya a sayi abin taɓawa. Sai da na girma na gane cewa duwatsun nan su ne dalilin da ya sa akwai masarautar Kazaure a yau.

Ga tambayar da ta kawo mu. Kazaure ƙaramar ƙasa ce, a matse tsakanin manya uku: Kano ta kudu, Katsina ta yamma, Daura ta arewa. To ya aka yi ba wadda ta haɗiye ta?

Amsar tana wajen mutum ɗaya, Ibrahim Ɗan Tunku, Bafulatani daga zuriyar Yarimawa, wanda ke da jama'a da ƙarfi a arewacin ƙasar Kano lokacin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804. A lokacin, babban abin da masu jihadi ke tsoro shi ne sarakunan Hausa na Kano da Katsina da Daura su haɗa rundunarsu wuri guda. Shi kuwa Ɗan Tunku zaune yake daidai inda hanyoyin ƙasashen uku suka haɗu. Ya tare tsakani, haɗuwar ba ta yiwu ba. Saboda wannan aiki ya samu tuta daga Shehu.

Ku riƙe maganar tutar nan, don a kanta rigimar take.

Bayan an ci Kano, Malam Sulaimanu ya zama sarki, aka zauna da Ɗan Tunku a haka, ba a fito fili an yi faɗa ba. Shehu ya rasu a 1817, Muhammadu Bello ya gaje shi. Sai a 1819 Sulaimanu ma ya rasu, aka naɗa Ibrahim Dabo, Basulluɓe. Nan fa Ɗan Tunku ya ƙi yin mubaya'a.

Mu tsaya mu duba hujjar kowa, don a nan mutane ke saurin yanke hukunci. A wajen Dabo, wannan tawaye ne, ba wani suna. Ƙasar da Ɗan Tunku ke riƙe da ita, mafi yawanta ƙasar Kano ce tun zamanin Haɓe. Kuma Dabo ya hau mulki garuruwa da dama na yi masa bore, in ya ƙyale mutum ɗaya ya ɓalle, gobe wani ma zai ce shi ma haka. Shi kuma Ɗan Tunku, tutarsa ba daga Kano ta fito ba. Hannun da ya ba Kano tuta shi ya ba shi. To a kan me mai tuta zai durƙusa wa mai tuta?

Gaskiya ni kaina in aka ce in zaɓa, sai na yi jim. Amma na fi karkata ga Ɗan Tunku, domin wanda aka yi wahalar yaƙi da shi tun farko, ba a wayi gari an mai da shi hakimin wani ba tare da an nemi yardarsa ba.

Aka shiga yaƙi, kusan shekara biyar. Kano ta fi yawan dawakai da mutane nesa ba kusa ba, sai dai doki ba ya jin daɗin dutse. Ɗan Tunku ya kan sauko ya kai hari arewacin Kano, kafin a taru ya koma cikin duwatsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, talakan ƙauye da ke tsakani shi ke kwana a ciki. Kowace runduna ta biyo, rumbunsa da dabbobinsa ne abincinta.

Har wani baƙo daga waje ya tarar da rigimar. Baturen Birtaniya mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, ya iso Kano a watan Janairun 1824, ya samu sarki ba ya gari, yana sansani ana shirin yaƙi da Ɗan Tunku. A wannan karon Dabo ya kai runduna har cikin duwatsun, ya kama sansanin Ɗan Tunku. Ba a daɗe ba Ɗan Tunku ya dawo musu ba zato, ya fatattake su. Ba wanda ya iya gamawa da wani.

Sai aka kai magana Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya duba, ya tabbatar wa Ɗan Tunku da ƙasarsa: Kazaure masarauta ce mai kanta, Sakkwato take bi kai tsaye, ba Kano ba. Dabo, da duk ƙarfinsa, ya karɓi hukuncin. Wannan wajen yana burge ni ƙwarai, don ba kowane mai ƙarfi ke yarda a raba shi da ƙasa da baki ba.

Ɗan Tunku bai daɗe yana cin moriyar abin ba. A 1824 ɗin ɗansa Dambo ya gaje shi, ya yi mulki har 1857, kuma a zamaninsa masarautar ta kafu sosai. Yau ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi ne ke ƙarƙashinta, cikin jihar Jigawa da aka ƙirƙira a 1991. 'Yan Ɓaɓura kada ku ce na manta da ku: maƙwabta ne ku, amma ku kuna masarautar Ringim.

Kuma ta wajenku za mu biyo a shiri na gaba, mu ga yadda Ingila da Faransa suka zauna a Turai suka shata layin da ya mai da dangi ɗaya wasu 'yan Najeriya, wasu 'yan Nijar. Sai mun haɗu, a huta lafiya.