Gabatar da Kai ga Abokin Ɗaki

Ɗalibin da ya taso daga Yelwan Yauri, Wara ko Shanga zuwa jami'ar Aliero, ko kwalejin nazarin kifi ta New Bussa, yakan haɗa ɗaki da wanda bai taɓa gani ba. Sau da yawa gaisuwar farko ta WhatsApp ake yin ta, kafin a ɗauko akwati.

Bayan sallama sai suna da gari da fannin karatu. Idan Bagunge ne ko Bakambare, ya kamata ya faɗi harshen gidansu ba tare da nauyin baki ba, domin abokin zai ji shi yana waya da iyaye.

Abin sha'awa yana buɗe hira: ƙwallo, iyo, tseren jiragen ruwa na bikin Rigata. Amma halin zama ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi ɓoyewa. Mai karatun dare da fitila ya faɗa. Mai tashi kafin asuba ya faɗa. Wanda uwa ta ɗaure wa bandar kifi daga bakin tafkin Kainji ya sanar, don ƙamshinta yana kama tufafi, ba kowa ke jurewa ba. Maganar aron tukunya, risho da caja ita ma gara a yanke ta tun ranar farko.