Idan Wasan Waya Ya Kama Naka: Me Iyali Za Su Yi?



 An nemi in yi magana a kan yadda iyali za su taimaki nasu wanda wasannin intanet suka yi wa mugun kamu. Zan bi maganar daki-daki: yaushe ne wasa yake zama ciwo, me ya sa yake da wuyar bari, sannan me ke aiki a gida, me kuma ba ya aiki.

Mu fara da iyakar da ke tsakanin wasa da ciwo, domin a nan ne iyaye da yawa suke yin kuskuren farko. Ba duk yaron da ke buga gem ne ya kamu ba. A shekarar 2019 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da saka jarabar wasannin bidiyo cikin kundin cututtuka, kuma kundin ya fara aiki a watan Janairun 2022. Hukumar ba ta ƙirga awoyi ba. Alamomi uku ta kafa. Ta farko, mutum ya kasa riƙe linzamin kansa: ya ce minti goma, a wayi gari yana kai. Ta biyu, wasan ya ture komai gefe, karatu da sana'a da abinci da zumunci. Ta uku, ya ga ɓarnar da idonsa, amma ya ci gaba. Hukumar ta ƙara da cewa sai abin ya gurgunta rayuwar mutum a zahiri, kuma galibi sai an ga haka na tsawon wata 12 kafin likita ya yanke hukunci. Binciken da ya tattara sakamakon ƙasashe da dama ya nuna masu wannan matsala ba su wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Saboda haka yaron da ke buga ƙwallon waya awa ɗaya bayan la'asar, yana sallarsa, yana karatunsa, yana cin abinci da 'yan'uwansa, ku ƙyale shi ya sarara.

Wanda muke magana a kansa daban ne, kuma da yawanku kun san shi. Ƙarfe uku na dare uwa ta fito alwala, ta hango haske na fitowa daga ƙarƙashin bargo. Ta ɗaga, ta tarar da shi kunne a toshe, yatsu na rawa a kan gilashi, yana raɗa wa wasu da ba ta gani: "Ku rufa min baya, ga su nan ta hagu." Tuwon dare na nan a rufe inda aka ajiye masa. Asuba ta wuce shi. Kuɗin karin kumallon makaranta ya tafi a data, kuɗin aike ya dawo babu canji. Idan aka ɗauke wuta, yana tsaye a shagon mai caji kamar mai jiran sakamakon asibiti. Idan aka taɓa wayar, yaron da ba ya iya haɗa ido da mahaifinsa sai ga shi yana ɗaga murya. Kuma kada mu ɗauka yara kaɗai ne. Akwai magidanta da matansu ke kawo kuka a kansu, akwai 'yan mata, akwai ɗaliban jami'a da zango guda ya zube musu a haka.

To me ya sa yake da wuyar bari? Amsa ta farko tana cikin yadda aka ƙera wasan. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce masanin halayyar nan na Amurka, B. F. Skinner, ya nuna cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi ladan da aka sani ɗaure halitta. Tattabarar da take samun tsaba jefi-jefi ta fi naci wajen caccakar maɓalli a kan wadda take samu kowane lokaci. A kan wannan aka gina injin caca, kuma a kansa aka gina akwatunan sa'a da ke cikin wasanni da yawa, inda za ka biya kuɗi ka buɗe ba tare da ka san abin da zai fito ba. A 2018 hukumomin Beljiyam suka ce irin waɗannan akwatuna caca ne a ƙarƙashin dokarsu. A Disambar 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince zai biya dala miliyan 520 a Amurka, kuma miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutane kuɗinsu ne saboda dabarun da suka sa su sayayyar da ba su yi niyya ba.

Ku dubi wasannin da suka fi yawa a wayoyin samarinmu. A Free Fire mutum 50 ake zubawa a tsibiri, cikin kusan minti goma a fitar da gwani guda. A PUBG mutum 100 ne. Zagaye gajere ne, shi ya sa "saura ɗaya" ba ta ƙarewa. Wanda ya sha kaye yana son ramawa, wanda ya ci yana son ƙarawa. Akwai kyautar shiga kullum, wadda idan ka tsallake rana ta wuce ka. Sannan ba a dakatar da wasan, domin da mutane na gaske ake bugawa. Idan uwa ta ƙwala kira ya ce "Umma, ina zuwa" bai zo ba, sau da yawa a ransa yana ganin idan ya fita ya ci amanar abokai uku da suka dogara da shi. Wannan ba uzuri ba ne, amma wanda bai fahimci haka ba zai riƙa faɗa da yaro a kan rashin kunya alhali matsalar tana wani wuri.

Amsa ta biyu ita ce ta fi muhimmanci, kuma ita ce ginshiƙin wannan lacca. Wasan yana ba shi wani abu da ya rasa a waje. Saurayin da ya zana JAMB sau biyu bai samu gurbi ba, wanda kullum ake masa gori da ɗan maƙwabta, idan ya shiga wasa shi ne shugaban tawaga, ana jiransa, ana yaba masa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa wannan jaraba kan zo tare da ciwon damuwa, ko fargabar shiga mutane, ko matsalar kasa tattara hankali. Idan kuka ƙwace waya kuka bar ramin da take cikewa a buɗe, wani abu zai faɗa ciki, kuma a unguwanninmu abin da ke jira a bakin ramin shi ne cacar ƙwallo da ƙwaya. An rabu da Bukar an haifi Habu ke nan.

Ga masu ganin ƙarfi ne magani, ƙasashen da suka fi mu ƙarfi sun gwada. A 2011 Koriya ta Kudu ta kafa dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga 12 na dare zuwa 6 na safe. Yara suka koma shiga da sunayen iyayensu, suka kuma koma wayar hannu wadda dokar ba ta shafa ba. A 2021 gwamnati ta soke dokar, ta mayar da tsara lokaci hannun iyaye. Ƙasar Sin ta fi tsanantawa: tun Satumbar 2021 awa ɗaya tak aka yarje wa yara, daga 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da hutun gwamnati. Can ma an ga yara na amfani da asusun manya. Kafin nan, a Sin ɗin, an buɗe sansanonin gyaran hali inda iyaye ke kai 'ya'yansu. A 2009 ma'aikatar lafiya ta hana amfani da jan wutar lantarki a kan waɗannan yara, kuma a shekarar ne aka kashe wani ɗan shekara 15 da duka a wani sansani a yankin Guangxi, kwana guda da kai shi. Mu ma mun san gidan mari. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma akasari danginsu ne suka kai su da sunan gyaran tarbiyya. Ina roƙonku don Allah, kada wasan waya ya sa wani ya kai ɗansa irin wannan wuri.

Me ke aiki? A Jami'ar New Mexico, Robert Meyers da abokan aikinsa sun tsara wata hanya ta horar da iyalan mashaya waɗanda suka ƙi neman magani. A gwajin da suka buga a 1999, kashi 64 cikin 100 na iyalan da aka koya wa wannan hanya sun shawo kan nasu ya je asibiti, alhali hanyar da dangi ke taruwa su titsiye mutum kashi 30 ta samu. A kan giya aka yi gwajin, amma darasinsa ya shafe mu: magana mai taushi a lokacin da ya dace, yabawa idan an ga gyara, da daina rufa wa mutum ɓarnar da ya jawo wa kansa.

Mataki na farko shi ne zaɓen mai magana. Al'adarmu ta san wannan tun fil azal. Uban da ke alkunyar ɗan fari, wanda ko sunansa ba ya kamawa, da wuya su zauna su buɗe wa juna ciki. Amma akwai kawu, akwai gwaggo, akwai kaka da ke wasa da jika, akwai taubashi, akwai yayan da ya girme shi da shekara biyar wanda shi ma ya taɓa bugawa. Ku nemo wanda yaron ke sakin jiki da shi. Idan maigida ne ya kamu, uwargida ta duba cikin aminansa ko yayyensa wanda yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri, ba wanda zai kai zancen majalisa ba.

Na biyu, lokaci da lafazi. Kada a tayar da maganar yana tsakiyar wasa, ko a gaban ƙannensa. Akwai bambanci tsakanin "Kai dai ka lalace, ba ka da aiki sai danna waya" da kawun da zai ce, suna tafe bayan isha'i, "Ɗana, nuna min wannan abin da kake bugawa. Su wane ne abokan naka? Wane matsayi ka kai?" Bayan ya saurara, sai ya ce, "Na ga kwana biyu ba ka barci, idonka ya faɗa, abin yana damuna. Kai me ka gani?" Za ku yi mamakin yawan waɗanda za su sunkuyar da kai su ce, "Wallahi Kawu, ni ma ina so in rage, na kasa." Da zarar wannan kalma ta fito daga bakinsa, an ci rabin yaƙi.

Na uku, yarjejeniya da shi za a ƙulla ta, kuma a fara da barci. Matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10 a dare, kuma yawancin fushi da kasala da faɗuwa jarabawa daga rashin barci suke farawa. A tsayar da lokacin da duk wayoyin gida za su kwana a falo ko a ɗakin uwa. Na ce duka, har da ta Baba da ta Umma, domin uban da ke kan Facebook har ɗaya na dare ba shi da bakin kafa doka. A ƙirga wasa da zagaye maimakon minti, a ce zagaye uku bayan an gama aikin makaranta, don kada a yanke shi a tsakiya rigima ta tashi. A cire katin banki daga wayar, a daina sayen datar dare. Manhajar Family Link a wayoyin Android da Screen Time a iPhone suna taimakawa wajen ƙayyade lokaci, amma a saka su da saninsa. Wadda aka saka a ɓoye, cikin kwana biyu abokansa za su koya masa yadda ake kewaye ta.

Na huɗu, a bar shi ya ɗanɗani sakamakon aikinsa. Idan ya cinye kuɗin mako a data, kada uwa ta bi ta bayan fage ta cika masa. Idan ya makara, kada a yi wa malami ƙaryar zazzaɓi. Nan ne iyaye mata da kakanni suke shan wuya, domin tausayi ne ke jan su, amma dole bakin manyan gida ya zama ɗaya.

Na biyar, a cike gurbin. Awoyin da aka karɓe daga wasa dole su tafi wani wuri, kuma wurin ya kasance akwai mutane, akwai gasa, akwai yabo, tunda su ne yake samu a can. Ƙungiyar ƙwallon unguwa, shagon gyaran waya, ɗinki, musabaƙar karatu, koyon rubuta manhaja ga mai son kwamfuta. A ɗora masa wani nauyi na gaske a gida wanda idan bai yi ba za a ji, kuma idan ya yi a faɗa a gabansa.

Ku sa ran zai koma. Sati uku lafiya, ran nan a sake kama shi da tsakar dare. Wannan ba ya nufin an yi aikin banza. A zauna a duba me ya faru a ranar, a ɗora daga inda aka tsaya.

Akwai kuma inda ƙoƙarin gida yake ƙarewa. Idan ya daina zuwa makaranta ko wurin aiki gaba ɗaya, ko ya fara sata, ko ya ɗaga hannu a kan wani, ko ya rufe kansa a ɗaki ba wanka ba magana, a nemi likita. Idan ya ambaci cewa ya gaji da rayuwa, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. A Ingila tun 2019 hukumar lafiyarsu ta buɗe cibiya ta musamman a Landan don wannan ciwo. Mu muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, ga sassan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Zuwa can ba hauka ba ne. Yawancin maganin ma zama ne da tattaunawa, a gano abin da ke tura mutum ga wasan, a koya masa yadda zai bi da shi. Addu'a da nasihar malamai suna tafiya tare da wannan, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Jama'a, Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Waya ana iya ƙwace ta cikin minti ɗaya, amma yardar da za ta sa yaro ya zo da kansa ya ce "Baba, na sake komawa, a taimake ni" sai an gina ta a hankali, kuma ita ce ke fitar da shi. Wanda duk yake da irin wannan a gidansa, aikin da nake ba shi a wannan mako guda biyu ne: ya nemo wanda yaron ke jin maganarsa, sannan ya fara ajiye tasa wayar a falo da dare.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin riƙonsu.