Dogondutsi ta ragu ne, ko iyaka aka gusar?

 

An ce in yi magana a kan ilimin ƙididdiga ga mai fara koyo. Na san wasunku tun daga jin sunan gabansu ya faɗi, suna tsammanin lissafi ne mai wuya. Lissafin yana nan tafe, amma ba shi ne farko ba.

Ƙidayar jama'a ta 2001 ta ba gundumar Dogondutsi a Nijar mutum kimanin 494,000. Ta 2012 kuwa ta ba ta kimanin 372,000. Ɗalibin da ya iya ɗebewa zai rubuta cewa Arewa, wato yankin Dogondutsi, ta yi asarar mutum fiye da 120,000, har ya ɗora laifin a kan fari ko tafiya cin rani Nijeriya. Lissafinsa daidai, maganarsa ƙarya. A 2011 ne aka yanke Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta, ta tafi da Gesheme, Dumega da Kore Mairuwa. A 2012 an ƙidaya mata kimanin 270,000. Ku haɗa biyun: 642,000, wato ƙaruwar kusan kashi 30 cikin ɗari. Ba wanda ya ɓace. Iyaka ce ta gusa, sunan ya tsaya inda yake.

Saboda haka kafin ku taɓa kwamfuta, ku tambayi kowace lamba: me aka ƙirga, a ina, da wane ma'auni? Manominmu da dami yake faɗin abin da ya noma, ƴar kasuwa da tiya, jami'in noma da kilo a hekta. Damin wani ya fi na wani girma, kowa ya sani. In ba ku auna wasu dammuna kun sussuka kun ga tiya nawa suke bayarwa ba, teburinku ado ne kawai.

Sai zaɓen waɗanda za a tambaya. Ƙidaya tana bin kowane gida, shi ya sa Nijar ta yi ta a 1977, 1988, 2001 da 2012, ba kowace shekara ba. Tsada gare ta. Ku ba ku da wannan kuɗin, samfuri za ku ɗauka. Jarabar ita ce tsayawa a garuruwan bakin kwalta, inda mota ke kai ku da sauƙi, sannan a rubuta "mutanen Arewa sun ce". To Dogonkiriya fa? Sukukutan fa? Ku rubuta sunayen ƙauyuka duka, ku jefa ƙuri'a, ku je inda ta faɗa ko da babur ne ko amalanke.

Matsakaici kuma ku riƙa yi masa kallon tsanaki. Attajiri ɗaya mai shanu ɗari a ƙauye mai gida ashirin ya isa ya ba kowane gida shanu biyar a takarda. Ku jera gidajen daga ƙarami zuwa babba, ku duba abin da na tsakiya ya mallaka.