Jawabin mushen lakwal bisa ilimin hankali

Iyayena dattawa, iyayena mata, da ku ƴan uwa da kunka dawo daga bida, sannunku da zama. Shugaban ƙungiya ya ce in yi magana bisa wani ilimi da anka koya muna a lakwal ɗin malamai ta Tawa, wanda Faransawa ke ce ma sikoloji. Asalin kalmar Girkanci ne, ma'anarta binciken rai. Mu sai mu ce ilimin hankali da halin ɗan Adam.

Kakanninmu sun ce hali zanen dutse. Su ne kuma sunka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, in zanen dutse ne, mi za a tanƙwara? Gardamar ga ba tamu ba ce mu kaɗai, ta daɗe a duniya.

Masu falsafa ne sunka fara ta, da tunani kawai, ba awo. Aristo na ƙasar Girka, fiye da shekara 300 kafin Annabi Isa, ya ce da zuciya ake tunani, ƙwaƙwalwa aikinta sanyaya jini. Har yau haka muke magana, mu ce zuciyata ta ba ni. Malaman Musulunci ma sun yi rubutu mai yawa bisa rai, kamar Ibn Sina da ya rasu a 1037, da Imam Gazali wanda malamanmu na zaure sunka san littattafansa.

Daga baya likitoci sunka shigo. A 1861 wani likita na Faransa, Broka, ya samu marar lafiya da ke fahimtar abin da anka ce masa, amma kalma guda kawai ke fita bakinsa. Da mutumin ya rasu, anka tarda ɓarna a gefen hagu na ƙwaƙwalwarsa. Kun ga tsoho da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke? Sau da yawa wurin nan ne ya taɓu. A 1879 kuma wani Bajamushe, Bunt, ya buɗe ɗakin awo na farko a Laifzig, ilimin ya tsaya da ƙafarsa.

Mu malamai, wanda ya fi yi muna amfani shi ne Piyaje, mutumin Suwis. Ku gwada a gida. Ku zuba ruwa a kwano, ku juye shi cikin kwalba mai tsawo gaban yaro ɗan shekara 4. Zai ce ruwan ya ƙaru. Ɗan shekara 7 ko 8 zai yi muku dariya. Na farkon ba daƙiƙi ba ne, hankalinsa ne bai kai nan ba tukuna, kuma bulala ba ta kai shi.

Ga inda maganar ta shafe mu. Yaro ɗan shekara 5, ƙwaƙwalwarsa ta kai wajen kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. Kafin ya zo hannuna a lakwal, an riga an yi yawancin ginin. Mun ga yadda yara masu tamowa sunka cika asibitin Madawa da na Buza bayan yunwar 2005. A ƙasar Jamaika, daga 1986, anka ɗauki yara 129 da girmansu ya tsumbure. Wasunsu anka riƙa zuwa gidajensu kowane mako, shekara 2, ana koya ma uwaye wasa da hira da su. Bayan shekara 20 anka koma, anka tarda waɗanda anka yi ma wasan suna samun kuɗi fiye da sauran da wajen kashi 25 cikin 100. Wasa fa, abin da muke rainawa!

Ni a ganina kakannin duka sun yi gaskiya, akwai abin da yaro ke gado, amma wanda ake tanƙwarawa ya fi yadda muke zato. Ƴan uwa masu tafiya Abijan da Legas da Libiya, matanku na ɗaukar ruwa da icce da daka, ba su da sukunin zama da jariri. Hatsin da kuke aikowa wajibi ne, ku ƙara da na wake da ƙwai. In kun kira waya, ku ce a ba yaro, ko bai iya magana ba. Ku kuma kakanni, tatsuniyar dare da kunka bari, a maido ta.